Rasuwar da aka ɓoye wa Zayyad

Malam Yunusa birkila ne a Azare, kuma ba mai dogon zance ba ne. Da aikin gini ya tura ɗansa Zayyad jami'a a Maraɗi. Ana dab da jarrabawar ƙarshe, mahaifiyar yaron ta rasu. Malam Yunusa ya hana kowa gaya masa, don kada karatun ya lalace.

Zayyad ya bugo waya ya ce, "Baba, ba ni Inna."

"Ta je Itas biki," in ji uban, ya kashe wayar.

Washegari wani abokin Zayyad ya yi masa ta'aziyya, ta haka ya ji rasuwar. Yaron ya gama karatun, ya samu aiki a can, ya ƙi dawowa. Duk sallah yana aiko wa uban shadda, amma ba ya ɗaukar wayarsa.