Ampulin Kawuna

Mu biyar ne a ƙungiyar, kuma babu ɗayanmu da ya taɓa tsara waƙar kansa. Waƙoƙin mutane muke yi, na Mali, na Zayar, na ƴan arewa masu rerawa da Tamashek, duk dai abin da ya fito a kaset mata suka so shi. Ni ke riƙe da jita. Ana kiranmu biki da suna a cikin Tawa, wani lokaci har Affala.

Ampulin da nake kiɗa da shi, wato akwatin ƙara sautin jita, na kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, malamin lakwal, makarantar boko, da ya ajiye aiki. Aro ya ba ni. Irin mai fitilu a ciki ne, sai an kunna an jira sun yi ja kafin ya yi magana, ga nauyi kamar buhun hatsi. Murya ɗaya gare shi, amma idan na danne tsirkiya har cikin haƙarƙari ake jin ta.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in zaɓe ya ƙarato. Wani Alhaji mai sayar da kayan mota, wanda ke neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, ya aiko mu same shi a ofishin jam'iyyarsa. Muka tarar da sabon ampuli bisa tebur, ɗan ƙarami, da gilashi mai nuna lamba. Ya ce in jona jitata. Na murɗa lamba ɗaya, ya yi kukan ampulin ƴan Zayar. Na murɗa wata, sai ga amon ƴan arewa. Kowace lamba kwaikwayon wani ampuli take yi.

Mawaƙinmu, wanda shi ne shugaba, har rawar jiki yake. Ya ce, "Wanga ai don mu anka yi shi. Mu masu kwaikwayo, shi mai kwaikwayo."

Na ce masa sautin bai da jiki, kamar shayi na uku ne, akwai zaƙi amma ganyen ya mutu. Mai ganga ya ce shekara huɗu yana ɗaukar tsohon, ƙugunsa ya gaji. Alhaji ya bar mu muka yi ta gardama, sannan ya faɗi sharaɗinsa. Sabon namu ne, in dai za mu sa sunansa cikin waƙoƙin da muke yi, tsohon kuma mu bar shi a ofis don sanarwa.

Tsohon ba nawa ba ne, na sani. Amma ina son abokaina su daina hararata, kuma gaskiya lambobin nan sun ja ni. Na ce to.

Mako uku muna bin taron siyasa. Akwai wata waƙa da mace ke kiran masoyinta da ya tafi ci-rani, wadda in muka yi ta a biki tsofaffi ke share hawaye. Muka cire masoyin muka cusa sunan Alhaji. Yana tsaye gabana yana juya babbar riga, bakinsa jawur da goro, yawunsa na fantsamowa bisa hannuna, ni kuwa ina murɗa lamba ina murmushi. In na koma gida sai in wanke hannun har sau biyu.

Wata ranar kasuwa da la'asar na biyo ta gaban ofishin. Sun fito da ampulin kawu sun aza shi bisa durom cikin rana, an zubar masa da miya a ka, ƙudaje sun rufe wurin. Wani ɗan baki da aka ɗauko yana riƙe da makirufo yana zagin ƴan ɗaya jam'iyyar, ɗaya bayan ɗaya. Kawuna na cikinsu, don shi ke rubuta musu takardu. Ina tsaye mutumin ya kama sunan kawu. Ya ce shekara talatin yana koyar da ƴaƴan mutane saboda ya kasa haihuwar nasa, ya ce matarsa baƙin ciki ya kashe ta. Jama'a na dariya. Kowace kalma ta fito garau, har bakin kasuwa ana ji. Ban cire wayar ampulin ba. Na ratsa ta wani lungu na tafi.

Gidan kawu bai da nisa da wurin. Kwana biyu na kasa zuwa. Da na je, na same shi yana ba tumakinsa harawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai juyo ba.

"Kawu, na zo in ba ka haƙuri."

"Na mi?"

Ya kakkaɓe hannunsa ya ce, "Ka hwaɗa musu su sa shi inuwa. Hitilun ba su son rana." Ya shige ɗaki. Bai sake yi mini maganar ba har ya rasu, kuma bai sake tambayata labarin kiɗa ba.

Na kai saƙon, suka yi mini dariya. Kafin ranar zaɓe ampulin ya ƙone. Alhaji ya faɗi zaɓe, ya aiko direbansa ya karɓe sabon, wai dama na jam'iyya ne. Mawaƙinmu ya so mu je mu roƙe shi, har ya tsara kalaman da za mu faɗa. Na ce su je ban da ni. Suka je su huɗu, ya bar su zaune a ƙofar gida tun hantsi har azahar, sannan aka ce musu ya yi tafiya. Ni kuma a makon na kama aiki wajen wani mai gyaran babur kusa da tasha.