Ɗamarar da Aka Riƙe a Shinge

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga unguwar Karewa ta Jimeta: direba, injiniya, mai hawan ƙarfe wanda mutumin Numan ne, da ni da aka ɗora wa kula da lafiyar ma'aikata. Aikinmu gyaran ƙarfen sadarwa ne a kan wani dutse bayan Michika, wanda aka ƙona a shekarun rikici.

Mun ƙetare gadar Binuwai gari bai waye ba. A Song muka karya da ƙosai, wanda ya ƙanƙance har direba ya tambayi mai suya ko da ruwa ake haɗiyarsa kamar ƙwayar magani. Ramukan hanyar Hong kuwa sun hana ni rubutu.

A wani shinge bayan Mubi, mai tsaro ya zaro ɗamarar da ake ɗaurawa a hau ƙarfe daga but ɗin mota, ya ga maɗaurai da ƙugiyoyi, ya ja da baya. A idonsa rigar bam ce. Na nuna takardu, na ɗaura ta a jikina domin ya fahimta, sai ya ƙara tsorata. Ban zarge shi ba. Ya ga abin da ban gani ba a shekarun rikici. Aka ce mu wuce, za a aiko da ita idan shugabansu ya duba.

Hawan dutsen ya ci sa'a biyu. Numfashina ya yi gajere, kaina ya yi ta sara, iska tana kaɗa ƙarfen har yana kuka. Ɗamara ba ta iso ba, kuma babu halin tambaya, domin sabis ɗin da za mu kira da shi muka zo gyarawa.

Injiniya ya miƙo mini takardar izinin hawa. "Hamma, da la'asar ake rufe hanya. Sa hannu kawai."

Mai hawa ya riga ya taka matakin farko. "Oga, giginya na fara hawa, wa ya ba ni bel?"

Na ce, "Sauko. In ka faɗo, ni za a tura in gaya wa matarka, kuma ba zan je ba."

Muka sauko ba a yi aikin ba. Mun karɓi ɗamarar a hanya, muka shigo Jimeta bayan magariba. Washegari takardar tuhuma na jirana a ofis, mutanen ƙauyen da ke gindin dutsen kuma har yau sai sun hau tudu suke kiran 'yan'uwansu. Wannan yana damuna.

Tafiyar ta koya mini cewa kafin kaya su kama hanya, wasiƙa da hotonsu su riga su isa kowane shinge. Amsar tuhumar kuwa layi ɗaya na rubuta: aiki bai yiwu ba, kowa ya kwana a gidansa.