Gawon gonata ba dashen kamfani ba ne

"Duk iccen da muka sare saboda bututun gas, za mu dasa madadinsa ya shanye hayaƙin injinanmu." Haka wakilin kamfani ya ce mana a Gazawa. Damina uku, ko tsiro ba mu gani ba.

Mu mata muka bi kututturan, muna kare toho daga awaki, har gawo ya fi ni tsawo.

Jiya sai ga wakilin yana kafa allo a gonata, wai dashen kamfani.

Na ce, "Yallaɓai, wanne ka ba ruwa?"

"Hajiya, hoto kawai za mu aika."

"To, mu za ka ɗauka."

Ko dai ya cire allon nan kafin Juma'a, ko ya zama ƙyauren akurkin kajina. Jama'a, na yi tsauri?