Rairayin La Haye

Ƙanwata da ke aikin tafinta a birnin La Haye, can ƙasar Turawa, ta gayyace ni, na rufe shagona na Tamanrasset, garinmu da ke tsakiyar hamada, na tafi. Ta nuna mini kotun duniya da gidan zane-zane, na yaba daidai gwargwado. Sai ta ce saura babban abin kallo, ta kai ni bakin teku. Na tarar da Turawa kwance kan rairayi suna ta murna.

"Yaya, ya kika gani?"

Na ce, "Ai irinsa nake sharewa kullum a ƙofar shago."

Ta yi dariya, ta ja ni cikin ruwa. Sanyinsa ya sa na ƙanƙame ta, zanena ya jiƙe har gwiwa, amma sai da ta roƙe ni kafin na fito.