Ƙarfen da ya faɗo a gonarmu ta gyaɗa

Da hantsi ne, ina roron gyaɗa a gonarmu ta bayan Wanke, sama tas babu hadari, sai na ji wani fito kamar butar shayi ta tafasa, sannan tim! Ƙasa ta watso min har baki. Na zura da gudu, takalmina ɗaya bai biyo ni ba.

Da na koma ɗaukar takalmin ne na ga abin da ya faɗo a rami: baƙi, bai wuce mangwaro ba, jikinsa lotse-lotse kamar an danna yatsu a tuwo. Na ɗaga. Nauyi kamar na guduma.

Da na kai shi gida, kakata, da muke kira Inna, ta dafe ƙirji. "Gatarin aradu kika ɗauka da hannu, ba a zuba mai nono ba? Ke ɗiyar nan, bokon mi kika yi?"

Nan take ta kafa doka: kar in taɓa jaririn yayata, tsawa na bin hannuna. Ni da nake goyonsa tun ranar suna! Ya miƙo hannu yana kuka, ni ma ina yi daga bakin ƙofa.

Baba ya je Gusau ya zo da malamin kimiyyarmu na sakandare, mai tara irin waɗannan duwatsu a gwangwanayen madara. Malam ya kara masa maganaɗisun tsohuwar rediyo, ya manne ƙam. Ya goga zarto a gefe, wajen ya yi fari kamar sabon cokali.

"Inna, ƙarfe ne, da ɗan wani ƙarfen da ake kira nikel a ciki," in ji shi. "Cikin masu faɗowar nan, wasu dutse ne zalla, wasu gauraye. In aka yanka irin wannan aka wanke da sinadari, zane ke fitowa kamar saƙar tabarma, da shi ake sanin danginsa. Ba na aradu ba ne. Daga can gaba da gajimare ya taso."

"Gaba da aradu?" Inna ta zaro ido. "To ƙwarya ɗaya ba ta isa. A kirawo mai nono!"

Aka tsoma ƙarfen a nono, aka tsoma ni har gwiwar hannu, Malam ma bai tsira ba tunda ya taɓa. Ya tafi da ƙarfensa yana ɗiga, ƙudaje na rakiya.

Sannan Inna ta ɗauko yaron ta ɗora min. Na ƙanƙame shi, ido na kan sama, shi kuwa ya kama yatsana yana tsotso.