Kawu Ilu, Gatarinsa da Zartonsa

Ina neman afuwar iyayena da malamaina, waɗanda suka fi ni sanin marigayin, suka kuma fi ni iya magana. Ni 'yar sakandare ce, a Madina aka haife ni, Hausar tawa ma ta cikin gida ce, kullum Umma tana gyara mini ita. Ban saba buɗe baki a gaban manya ba. Amma akwai abin da na gani da idona game da Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, na kuma tabbata da shi. Wannan ne ya ba ni ƙarfin ɗaukar alƙalami.

Ranar Asabar da hantsi labarin ya iso gidanmu a unguwar Harra ta Yamma. Ina ɗaki ina bitar darasi sai na ji wayar Abba ta yi ƙara. Ya saurara, sannan ya yi salati da ƙaramar murya. Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta dubi fuskarsa ta ce, "Yaya ne, ko?" Abba ya sunkuyar da kai. Wani Basudane mai kiwon raƙuma, wanda Kawu ya saba shan shayi da shi, shi ne ya same shi zaune a kan darduma a daji, inda ya kafa tantinsa, butar shayi tana kan garwashi, rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Aka yi masa salla a Haramin Annabi, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a.

Da aka dawo da motarsa da kayansa, sai wani baƙin cikin ya hau kan na farko. Matarsa, Inna Rabi, ta nemi a miƙo mata zartonsa mai batir. Ta danna, bai motsa ba. Aka kuma gaya mata cewa an sami gatarinsa a ƙasa kusa da faskararren itace. Nan take ta ce ita ce sanadi. Ranar da zai tafi ta cire zarton daga caji don ta jona dutsen guga ta goge masa riga, ta manta ba ta mayar ba. A ganinta, ya isa daji ya tarar babu batir, dole ta sa ya yi ta sara da gatari a cikin sanyi har zuciyarsa ta gaza. Daga ranar ta daina cin abinci, sai ruwa kaɗai. Mata masu gaisuwa suna ce mata ajali ne, ita kuma tana amsawa, "Na sani, Allah ne mai rai. Amma hannuna ne ya cire wayar." Muna kallo tana ramewa a cikin mayafin takaba.

Wanda bai san yadda Kawu yake aiki ba zai iya gaskata tunanin Inna. Saboda haka bari in bayyana shi yadda na san shi.

Daga wani ƙauye a ƙasar Maraɗi ya zo, ya yi shekaru yana aiki a wata gonar dabino a bayan dutsen Uhudu. In sanyi ya shigo, ya sami hutun ƙarshen mako, sai ya ɗauki tanti da bargo ya nufi wani kwari mai itatuwan ƙaya, waɗanda Larabawa ke kira samur, ya kwana can shi kaɗai. Sauran mutane da ayari suke fita, da nama da hayaniya. Shi kuwa cewa yake yi, "Madina cike take da baƙin Manzon Allah, ba a gajiya da su. Amma kunne ma yana da haƙƙi."

Abu uku yake yanka itace da su. Akwai ƙaramar wuƙa mai kube na fata, ta fere itace siri-siri don hura wuta. Akwai gatari, wanda wani maƙeri na ƙauyensu ya ƙera ruwansa, shi kuma ya sassaƙa masa ƙota da itacen magarya. Iskar Madina busasshiya ce, tana sa ƙota ta saki, don haka kafin kowace tafiya sai ya tsoma kan gatarin a bokitin ruwa har itacen ya kumbura ya riƙe ƙarfen gam. Na uku shi ne zarto mai batir. Inna Rabi ce ta sayo masa a wani shago a unguwar Anbariyya lokacin da ciwon baya ya fara damunsa. Ina nan ranar da ya fara kunna shi.

"Hajiya," ya ce, "wannan ai sauro ne aka ba shi lasifika."

"Ya yi ta kukansa," in ji ta. "Gara nasa da in kwana ina jin nishinka."

Kawu bai raina zarton ba, bai kuma yar da gatarin ba. Kowanne ya ba shi wurinsa. Hukuma ta hana saran itatuwan daji, shi ma dama ba ya taɓa su, ɗanye ko busasshe. Itacen wutarsa daga gona yake kawo shi, rassan magarya da aka sassabe suka bushe. Tun a gonar yake yanka su guntu-guntu da zarto, kowanne kamar tsawon kamu, ya cika buhu. Babban aikin ke nan, mai cin baya, kuma zarto ne yake yin sa. Abin da ya rage a daji shi ne faskare, busasshen guntu kuwa sara ɗaya yake tsagewa.

Akwai ranar da ya kai mu kwarin da rana, ni da Umma da Inna. Su suna can suna shimfiɗa abinci, ni kuma ya kira ni in ga yadda ake yi. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa kafin ya ɗaga gatarin. Na tambaye shi dalili.

"Wanda yake shi kaɗai ba ya sara a tsaye," ya ce. "In na kuskure a durƙushe, ƙasa na sara. In na kuskure a tsaye, ƙafata na sara, kuma babu mai ɗaukata."

"Tayyib, ya khali," na ce.

"Ji Balarabiyar Harra! Ce 'to, Kawu', bakinki ba zai zube ba."

Ya gaya mini kuma cewa da zarar rana ta faɗi yakan naɗe gatarin a tsumma, ko da wutar za ta mutu. Game da batir ya ce, "Sanyi yana shanye shi yadda yake shanye tsoho. Abin kirki ne a inda akwai mutane da lantarki. A nan ba na jingina da shi." Haka yake a komai. Ba ya gaggawa, ba ya barin abu rabi, kuma ban taɓa jin ya kushe sabon abu don kawai sabo ne ba.

Ranar Alhamis ɗin da ya yi tafiyarsa ta ƙarshe, ni na sauko masa da bargo da filas zuwa mota, domin shi da Inna a bene na sama suke, mu a ƙasa. Ya ɗauki zarton ya danna ɗan maɓallin batir, ja kaɗai ya nuna. Ya yi dariya.

"Kawu, in koma in sa shi a caji?"

"Bar shi. Ya gama nasa aikin tun jiya a gona. Sa shi a mota kawai. In Innarki ta gan shi a gida, barci ba zai ɗauke ta ba." Ya ɗaga yatsa. "Wannan tsakanina da ke."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta ɗaure mini baki bayan rasuwarsa, ga kuma kunya, domin ɗakin Inna ba ya rabuwa da manyan mata. Amma na yi tunani na ga cewa don kwanciyar hankalinta ya ce in yi shiru, yanzu kuwa shirun ne yake cutar da ita. Wata rana bayan sallar la'asar na buɗe buhun itacen da aka dawo da shi cikin kayansa aka ajiye a ƙarƙashin matakala, na ɗebi guntaye na hau da su.

"Safiyya, me ya kawo itace ɗakin gaisuwa?" in ji Umma.

Wata dattijuwa ta ce, "Ku bar ta, ƙila a kan kafet za ta dafa mana shayi."

Na durƙusa gaban Inna. Tsoro ya sa na fara da Larabci, na tsaya, na sake da Hausa. Na ce ta shafa bakin itacen. Sumul yake, a miƙe. Na ce wannan yankan zarto ne, saran gatari kuwa yakan bar baki a karkace, kamar an gatsa. Na ce duk buhun haka yake, a aiko kowa ya duba. Sannan na gaya mata abin da ya faru a bakin mota, kalma da kalma.

Inna ta riƙe guntun, tana bin bakinsa da babban yatsa. Sannan ta ɗago kai ta dube ni.

"Ya san babu caji?"

"Ya sani, Inna. Dariya ya yi."

"Wato tun da na saya masa, yawo kawai yake kai shi daji?"

"A daji, haka ne. A gona kuwa shi ne mai yin aikin, ya ce bayansa ya huta."

"Ku ji mini mutum!" ta ce. "Ni ina nan ina lallaɓa caji kamar mai renon jariri." Dariya ta kufce mata, kuka ya biyo baya, irin wanda ba ta yi ba tun ranar jana'iza. Mata suka bar ta ta yi shi har ya ƙare. Da ta share fuska, ta dubi Umma ta ce, "Akwai sauran kunun nan?"

Ban ƙara komai a kan hukuncin Allah ba. Lokacin Kawu ne ya yi, ya kuma same shi a kan darduma, a wurin da yake so, da kayan aikinsa kowanne ya yi abin da aka tanade shi dominsa. Babu sakaci a wajensa, babu laifi a wajen matarsa. Wannan nake so ya zauna a zuciyar duk wanda ya san su.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Iliyasu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tashe shi cikin maƙwabtansa na Baƙi'a. Ka ba Inna Rabi lafiya da haƙuri, Ka sanyaya zuciyar Umma, Ka tsare danginsa na nan da na gida. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Yanzu tare muke cin abincin rana ni da Inna, kuma ta fara ba ni labarin zamansu na farko a Madina, abubuwan da ko Umma ba ta sani ba. Na tambaye ta ko in rubuta su, ta ce in fara neman izinin manya. To, iyayena, ga ni ina nema.