Sunan da Ba Na Faɗa

Jikana ya zo duniya a shekarar da mijina ya bar ta. Ran suna aka raɗa masa sunan marigayi, ni kuwa tun ina amarya bakina bai taɓa kama wannan suna ba, ko a gaban mai shi, ko a bayan idonsa. Sai na sa wa yaron Maigida. Gida ya ɗauka, unguwa ta ɗauka, garinmu Daudawa duka ya ɗauka. A ɗakina aka yaye shi. Da ya yi wayo, shi kuma ya riƙa ce mini Amarya, yana yi mini tsiyar haƙoran da suka zube.

Ya yi karatu, ya yi karatu, har ya ƙare jami'a. Duk inda ya tafi hutu na maido mini shi. Amma da aiki ya samu, a wani kamfanin abincin kaji can Ibadan, na san wannan tafiya daban ce. Na daka masa yaji, na ƙulla kuka da daddawa. Shi kuma ya bar mini 'yar waya, ya nuna mini maɓalli biyu. Na farko nasa. Na biyu na maigadin kamfanin, wai Bahaushe ne, ko da wata rana zan neme shi in rasa.

Da fari duk Juma'a yana kira bayan an sauko. Sai wata Juma'a ta zo ta wuce shiru. Wata ta bi ta. In na danna nasa, wata mata ce ke yi mini Turanci ta kashe. Ubansa ya ce aiki ne, in kwantar da hankalina. Na kwantar da shi, ya ƙi kwanciya. Ina dama kunu da safe in ga na zuba kofi biyu.

Ran nan da hantsi, kowa ya tafi cirar auduga, gidan daga ni sai kaji, na danna na biyu. Wani dattijo ya ɗauka, ƙarar injina na tashi a bayansa. Muka gaisa, har gajiya, har iyali, na ce daga ƙasar Katsina nake kira.

Ya ce, “Hajiya, wa kike nema?”

Na ce, “Maigida.”

“Mai kamfanin? Ai Bayarabe ne, ko sannu bai ji.”

“A'a, nawa Maigidan. Mijina.”

Ya yi dariya har da tari. “Wallahi in dai sa'an muryar nan ne, ni kaɗai ne a nan, kuma ban san na yi aure a Katsina ba.”

Na ce jikana ne, dogo, baƙi, mai tabo a gira, bai daɗe da zuwa ba. Ya ce samarin Arewa sun cika wurin, masu ofis da masu sauke masara, duk dogaye, duk baƙaƙe. “Suna dai, Hajiya. Mi sunan nasa?”

Na buɗe baki. Sunan yana nan bisa harshena, inda yake zaune tun ina yarinya. Na dubi ƙofar ɗaki, babu kowa, babu mai ji sai Allah. Duk da haka ya ƙi fita. Na ji kamar marigayi na zaune bisa buzunsa yana kallona. Idona ya cika.

Can dattijon ya rage murya. “Sunan mai gidanki ya ci?”

Na ce, “Shi.”

“Allah ya jiƙansa. To bari in riƙa jerowa, in na zo kansa ki yi gyaran murya.”

Ya shiga jera sunayen maza, a hankali, kamar mai jan carbi. Wannan ba shi ba, wancan ba shi ba. Da ya zo kansa, na yi gyaran murya.

Sai na ji ya ɗaga murya ya ƙwala kiran sunan, tsirararsa, babu Malam, babu Alhaji, a tsakar wani gari da ban taɓa gani ba. Daga nesa, cikin ƙarar injina, wani ya amsa, “Na'am!” Rabon da in ji an kira sunan nan an amsa, tun mai shi na da rai.

“Amarya? Ke ce?” Jikana ne, yana haki. Wai an sace masa waya a mota, yana jiran albashi ya sayi wata. Na tambayi abinci, ya ce yaji ya kusa ƙarewa.

Na ce, “Maigida, lafiyarka dai?”

Sa'an nan ya ce, “Sake faɗa. A nan babu mai ce mini haka.”

Na sake faɗa. Na kuma faɗa. Aka kira shi daga ciki da wancan sunan, ya ce sai ya tafi.

Na ajiye wayar bisa tabarma. Kunun da na zuba masa da safe ya riga ya huce, ya yi fata a sama. Na jawo kofin na sha.